Yadda Na Hau Dutsen Bear Mountain a Kan Keke

Shekara 5 na yi ina tuƙa keke a Nuyok ban san mene ne hawan tudu ba. Keken da nake hawa na neman abinci ne, mai batir, irin wanda 'yan'uwanmu da yawa ke kai wa mutane saƙo da shi gida-gida. In hanya ta yi tudu, murɗa hannu kawai za ka yi, batir ya ɗauke maka wahalar. A Kano kuwa, keken da na sani shi ne baƙin Phoenix ɗin mahaifinmu, mai kariya a baya, wanda muke ɗaura wa buhun gero ko jarkar ruwa. Giyarsa ɗaya tak, kuma ba ta taɓa ba mu kunya ba, don ƙasar Kano a shimfiɗe take. Dala da Goron Dutse da ƙafa ake hawansu.

Wanda ya jawo ni cikin wannan harka wani bawan Allah ne ɗan Zangon Kumasi, direban tasi, da muke haɗuwa a masallacin unguwarmu a Bronx. Ya ba ni kusan shekara 20, shi ya sa Yaya nake ce masa. Zaman mota daga safe har dare ya sa masa ƙiba da ciwon baya, likita ya ce lallai ya motsa jiki, shi ne ya sayi keken tsere. Wani dare cikin azumin 2024, mun idar da asham muna neman takalmanmu a bakin ƙofa, ya miƙo mini wayarsa. Ga shi tsaye a gindin wata hasumiyar dutse, kekensa a jingine, can ƙasa kogi ya yi kwance tsakanin duwatsu kamar an yar da rawani.

"Yaya, ina ne nan?"

"Bear Mountain. Daga ƙofar masallacin nan na tashi, ƙanena, kuma babu batir."

Bear Mountain gandun daji ne na gwamnatin jihar Nuyok, a gaɓar yamma ta kogin Hudson, kusan kilomita 70 arewa da gadar George Washington, wadda ta haɗa birnin Nuyok da New Jersey. Dutsen kansa mita 390 ne da 'yan kai, bai isa a sa shi cikin manyan duwatsun duniya ba. Abin da ya sa masu keke ke ganin girmansa, daga bakin kogi ake fara hawansa, kusan daidai da teku, don haka duk tsawon nan da cinyarka za ka biya shi cikin kilomita 7. Kuma kafin ka isa gindinsa ka riga ka sha tafiyar rabin yini.

Bayan ƙaramar Sallah na sayi keke na hannu a wajen wani mai gyara. Tayarsa ba ta fi kaurin babban yatsa ba, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago, sirdin siriri mai tauri. Yaya ya tsuguna ya ƙirga mini haƙoran giya. A gaba faranti biyu ne, babba mai haƙori 50, ƙarami mai 34. A baya jerin farantai ne, daga mai 11 zuwa mai 28. Ya ce in riƙe abu ɗaya: ƙaramin gaba da babban baya su ne abokan tudu, feda za ta yi laushi, gudu zai ragu, amma ƙafa ba za ta mutu ba. Na ce na ji.

Maganar tufafi ta ɗan tsaya mini a rai. Wandon masu keke matsattse ne, gajere, da soso a ciki, kuma in babu soson nan ba mai iya awa 6 a kan sirdi. Ni kuwa ba zan iya fita a haka ba, ga shi ina so duk inda sallah ta same ni in tsaya in yi. Sai na riƙa sa shi daga ciki, in ɗora wando mara nauyi a kai, in ɗaure ƙafar dama da roba kada sarƙa ta kama. Har yau haka nake fita. Hular kwano kuwa, Yaya ya ce ranar da na manta ta a gida, shi ma in manta da shi.

Wata biyu muka yi muna share fage. Bayan asuba mu gangara Central Park mu zaga, zagaye ɗaya kusan kilomita 10. Ranar Lahadi mu tsallaka gada zuwa New Jersey, mu bi Henry Hudson Drive a gindin dogayen duwatsun Palisades, mu ƙare da hawan Alpine da bai kai kilomita 2 ba. Ƙafar da ta saba yini a titi tana da ƙarfi. Sai in tashi tsaye a kan feda in murƙushe tudun, in tsaya a sama ina jira. Yaya kuwa yana tafe a zaune, ƙafafunsa na juyawa da sauri-sauri kamar tela a kan kekensa. A lokacin na ɗauka tsufa ne.

Muka sa ranar wata Lahadi a watan Yuni. Zafin Nuyok jiƙaƙƙe ne, yana manne wa mutum kamar rigar leda, gumi ba ya bushewa yadda yake yi a gida. Shayi da burodi kawai na karya da su, na jefa ayaba ɗaya a aljihu, gorar ruwa biyu a jikin keke.

Muna kan 9W, hanyar da masu keke ke bi zuwa arewa, sai ga wani ayari ya zo wucewa, su kusan goma, taya na bin taya. Na faɗa bayansu. Wanda bai taɓa shiga bayan ayari ba ba zai gane daɗin ba: na gaba ne ke fasa iska, kai kuwa sai ka ji kamar ana jan ka da igiya. Yaya ya ƙwala mini kira, na ɗaga masa hannu ban waiwaya ba. Duk tudun da muka tarar ba sa rage gudu, ni ma na ƙi ragewa, zuciyata na bugawa har cikin kunne. Na riga shi isa garin Nyack da kusan minti 20. Da ya iso ya ce in ci wani abu. Na ce ba na jin yunwa.

Gaskiya na faɗa, kuma nan tarkon yake. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta bai wuce na aikin awa biyu mai tsanani ba, kuma ba ya sallama in zai ƙare.

Ruwana ya ƙare tun kafin gindin dutsen. Duk da haka, da muka shiga hawan sai na yi abin da na saba, na tashi tsaye. Na ci kilomita 4 da ƙarfin hali har na shiga ƙofar Perkins Memorial Drive, hanyar da ke kaiwa ƙololuwa. Ban yi nisa ba cinyata ta dama ta ɗaure, tsokar ta dunƙule kamar an cusa dutse a ciki. Na nemi giya mai laushi, na tarar tuni ina kan ta ƙarshe. Da ƙyar na sauka na zauna a kan wani dutse a gefen hanya. Hannuwana na rawa, gumin jikina ya koma sanyi da tsakar rana, idona na gani dishi-dishi.

Yaya ya iso da irin tafiyarsa. Ya kwantar da kekensa a ciyawa, ya ciro dabino daga aljihun bayan rigarsa ya ba ni guda 5, ɗaya bayan ɗaya, ya miƙo mini gorarsa. Ruwan da ɗan gishiri-gishiri. Ya kama ƙafata ya miƙar da ita a hankali, yana danna tsokar da tafin hannu har ta saki.

Na ce, "Yaya, ku ƙarasa, zan jira ku a nan."

Ya ce, "Tare muka fito, ƙanena."

Ƙololuwar ba ta fi kilomita 2 daga inda muke ba. Mutum ya sha tafiyar kilomita 70 dominta, ya juya kan kekensa ya biyo ni muka gangaro. Wannan abin bai bar raina ba har yau.

Sai da muka zauna a jirgin ƙasa muna komawa sannan ya yi magana. "Kana tsammanin a Perkins ka gaza? Tun a 9W ka gaza, lokacin da ka bi mutanen nan. Dutsen nan tun daga gada ake fara hawansa. Duk ƙarfin da ka zubar da safe, shi zai tambaye ka da azahar."

Cikin satin na mayar da keken wajen mai gyara, aka sauya jerin giyar baya, aka sa mai babban faranti 34. Da 34 a gaba, 34 a baya, juyin feda ɗaya juyin taya ɗaya ke nan. A fili kamar wasa kake yi, a kan tudu kuwa rahama ce. Wasu matasa na ganin babban faranti a baya alamar rauni ce. Ni dai a ganina, duk mai fara hawan dutse ya sa mafi laushin giyar da kekensa zai ɗauka. In bai buƙace ta ba, ai ba ta cin abinci. Na kuma koyi ci da agogo kamar Yaya: duk minti 40 dabino biyu ko uku, ko rabin ayaba, kurɓin ruwa duk kwata, gora ɗaya zalla, ɗaya da ɗan gishiri da sukari.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne tafiya a hankali, kuma da gaisuwa ya koya mini ita. Muna tsakiyar tudu sai ya matso kusa da ni ya ce, "Ina kwana?" In amsa. "Ina gajiya?" "Ba gajiya." "Yaya mutanen gida? Yaya aiki? Ina labari?" Haka zai jero ta tiryan-tiryan kamar mun shekara ba mu haɗu ba. In na amsa duka numfashina bai yanke ba, to gudun ya yi daidai. In na fara cin rabin kalma, sai ya ce, "Sauke giya." Masu hali na sayen na'urar auna bugun zuciya da ta auna ƙarfin ƙafa. Mu da gaisuwa muka auna, kuma ba ta taɓa yi mana ƙarya ba.

Cikin Agusta da Satumba mukan loda kekunan a mota mu tafi gandun Harriman, wanda ke manne da Bear Mountain, don in saba da dogon hawa. Shi ne na biyu a girma cikin gandayen jihar, kuma asalinsu ɗaya da Bear Mountain. A 1908 gwamnati ta so ta mayar da kurkukun Sing Sing gindin dutsen, har an fara aiki. Sai Mary Harriman, matar attajirin jiragen ƙasa E. H. Harriman da ya rasu a 1909, ta ba jiha eka 10,000 da dala miliyan 1 a 1910, bisa sharaɗin a janye maganar kurkukun. A 1913 aka buɗe wa jama'a gandun Bear Mountain. Inda aka so a tsare mutane, yau yara ke guje-guje a kan ciyawa kusa da tafkin Hessian.

Seven Lakes Drive ce ƙashin bayan wurin, kusan kilomita 29 daga Sloatsburg zuwa Bear Mountain, tana wuce tafkuna ɗaya bayan ɗaya: Sebago, Kanawauke, Tiorati, Silver Mine. Daga wajen tafkin Tiorati ƙananan hanyoyi ke rabuwa. Arden Valley Road ta yi yamma, tana da tsauri in ka juyo kana hawowa. Tiorati Brook Road kuwa rafi take bi, kuma in za a tambaye ni ta fi duk hanyoyin yankin daɗi, har da Perkins mai suna. Kana hawa a inuwa, ruwa na gudu a gefenka, motoci jefi-jefi. Nan na fara yin minti 20 cur ina hawa a zaune ban tashi ba. Nan kuma wata barewa ta tsaya a tsakiyar kwalta ta dube mu, sannan ta shige daji ba gaggawa.

Muka koma Bear Mountain a Lahadin farko ta Oktoba. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun daren Asabar na duba iskar taya, na shafa wa sarƙa mai, na ci tuwon shinkafa na ƙoshi, na jera tub biyu, ƙaramin famfo, dabino, ayaba da rigar iska. Ana idar da asuba muka kama hanya da fitilu a kunne. Muka tsallaka kogin Harlem ta gadar titi na 181, muka hau gadar George Washington gari na wayewa. Tun 1931 take tsaye, kuma in babbar mota ta wuce kana jin tana rawa a ƙarƙashin taya, ga ruwa can ƙasa fiye da mita 60. Sanyi ya kama mini yatsu.

A 9W ayari biyu suka wuce mu, na bar su suka tafi. Ba ƙaramin abu ba ne a wurina, don ƙafar sabuwa ce fil, tana roƙon a sake ta. Na zauna a bayan tayar Yaya ina kallon ta.

Kafin Piermont tayata ta baya ta yi faci. Na kifa keken, na cire wilin, na zaro tub. Ina shirin cusa sabo, Yaya ya riƙe mini hannu ya ce in fara shafa cikin tayar da yatsa. Na bi a hankali, sai na ji wani abu ya karce ni. Ɗan tsinin kwalba ne, bai kai ƙwayar gero ba, ya nutse cikin roba. Da na ɗora sabon tub a kansa, da ba za mu yi nisa ba zai sake fashewa. Ya ciro shi da farce ya ajiye mini a tafin hannu.

A Nyack muka cika goruna, na ci burodi da man gyaɗa ko da yake ba na jin yunwa. Daga nan zuwa gindin dutsen ita ce tafiyar da ba na so: tudun bayan gari, tafkin Rockland, gangaren Haverstraw inda gefen hanya ke tsukewa motoci na wucewa dab da gwiwar hannu, sai Stony Point da Tomkins Cove, hawa da sauka ba hutu. A tsallaken kogi ana hango ƙubbobin siminti na tashar nukiliyar Indian Point da aka rufe a 2021. Sai tudu na ƙarshe a kafaɗar dutsen Dunderberg, wanda ke cinye ƙarfin mutane da yawa don sun raina shi. Na hau shi a giya mai laushi, Yaya na gaishe ni.

Da muka gangaro fadamar tsibirin Iona, ciyawar ta yi ruwan zinariya, ga dutsen a gabanmu ganyensa ya yi ja da rawaya. Na ce, "Yaya, ga shi nan." Ya ce, "Kai ba Bakano ba ne? Hangen Dala ba shiga birni ba." Muka tsaya muka ci dabino, muka sha ruwa, muka jira motoci suka wuce, sannan muka karya hagu.

A lissafi, hawan kashi 5 cikin 100 ne, wato duk mita 100 da ka ci gaba ka tashi mita 5. Amma hanya ba ta raba tudunta daidai. Farkonta, zuwa shataletalen da ke kusa da masaukin Bear Mountain Inn, lallaɓa ka take yi. Daga nan Seven Lakes Drive ta ɗauki hawa ɗaya cikin itatuwa, ba ta tsananta ba, ba ta kuma sassauta ba. Na zauna daram a sirdi, na riƙe saman kan keken da sakakken hannu, na saki kafaɗu. Ba abin da nake ji sai ƙarar sarƙa, da numfashina, da busassun 'ya'yan itace suna fashewa a ƙarƙashin taya. Wani dattijo mai farin gashi ya wuce mu ya ɗaga yatsu biyu, muka amsa. Wata mata ma ta wuce. Ban bi kowa ba.

A ƙofar Perkins na sauke giya tun kafin tudun ya tilasta mini, don sarƙa ba ta son a sauya mata wuri tana ɗauke da nauyi. Wannan hanyar mai kusan kilomita 3, marasa aikin yi ne suka fasa ta cikin dutse tsakanin 1932 da 1934, lokacin karayar tattalin arzikin Amurka, da gwamnati ta ɗauke su don su samu abin kai wa iyali. Ina hawa ina kallon duwatsun da ke jere a gefen hanya, ina tunanin hannuwan da suka ɗaga su. Mutane ne da suka fito neman na tuwo, irinmu.

Na gane dutsen da na zauna a kai a watan Yuni. Yana nan, da ɗan gansakuka a gefensa. Ban tsaya ba, amma na kalle shi sosai. Gaba kaɗan hanyar ta ƙara miƙewa sama, na tura sarƙa kan faranti mai 34. Gudun ya ragu har mai sassarfa a ƙasa zai iya jerawa da ni. Cinya na zafi, amma zafin aiki ne, na riga na san bambancinsa da na ɗaurewa. Na daina duban sama. Na riƙa zaɓar abu ɗaya a gabana, itace ko tsagar kwalta, in kai gare shi, in zaɓi wani. Bakina ya kama salati da kansa, yana tafiya daidai da juyin feda.

Sai itatuwa suka fara gajarta, sama ta buɗe, iska ta sauya. Hanyar ta sassauta, ta yi zagaye, hasumiyar ta bayyana. Yaya, da ya yi shiru tun daga ƙofa, ya matso muka jera kafaɗa da kafaɗa.

"Ƙanena, ina gajiya?"

Na buɗe baki in ce ba gajiya, sai na ji maƙogwarona ya cushe, idona ya ciko. Ya dube ni, ya gane, bai ce in sauke giya ba.

Hasumiyar an gama ta a 1934 don tunawa da George W. Perkins, shugaban farko na hukumar da ke kula da gandayen Palisades. Masu babura sun jera baburansu, iyalai sun zo da mota, ga masu tafiyar ƙafa da manyan jakunkuna, don hanyar Appalachian, mai kusan kilomita 3,500 daga Georgia zuwa Maine, ta kan dutsen nan ta bi. Ranar garau take. Can kudu, inda duwatsu suka ƙare, ga dogayen benayen Manhattan ƙanana kamar haƙoran mataji. Na daɗe ina kallonsu. A cikin waɗancan titunan nake yini ina tsere da agogon waya, ina hawa bene da leda a hannu, kuma ban taɓa ganin garin ya yi shiru haka ba.

Azahar ta yi. Muka koma gefe muka yi alwala da ragowar gora ɗaya, muna tsiyaya wa juna kaɗan-kaɗan. Alƙibla a Nuyok arewa maso gabas take, don haka muka juya wa birnin baya. Yaya ya ce a lissafinsa tafiyar ba ta kai ta ƙasaru ba, muka cika raka'a 4 a kan rigunan iskarmu. Ɗumin dutsen na ratso rigar zuwa goshi. Ƙafafuna na rawa a ruku'u.

Saukowa ta fi hawa haɗari. Riga a jiƙe take da gumi, iskar gangara na ratsa ƙashi, shi ya sa ake sa rigar iska tun a sama. A kekunan Amurka birkin hagu na gaba ne, shi ya fi kamawa, ba a damƙe shi gaba ɗaya. Ana rage gudu kafin a shiga kwana, ƙafar waje a ƙasa, ido a inda ake son zuwa, kuma a kiyayi ganyen da ya zuba, santsi gare shi. Abin da ya ci mana minti 50 a hawa, cikin kwata muka sauke shi.

Muka tsallaka gadar Bear Mountain, wadda a 1924 da aka buɗe ta babu gadar rataye da ta kai ta tsawon tsakiya a duniya, muka bi hanyar 9D arewa zuwa tashar jirgin Garrison. Makarantar sojan West Point na tsallaken kogi tana fuskantar mu, ganuwarta ruwan toka.

Muna zaune muna jiran jirgi, igiyar hular kwanona ta yi fari fat da gishirin gumi, ina kankare shi da farce. Yaya ya buɗe taswira a wayarsa ya bi ta da yatsa. Ya ce baɗi ba jirgi. Mu hau dutsen, mu shiga Harriman, mu sauko ta Gate Hill Road zuwa Stony Point, mu koma gida a kan kekunanmu, kilomita 160 da wani abu. Ana rufe Perkins da sanyi, ya ce da an buɗe ta a Afrilu za mu fara shiri. Na ce Allah ya kai mu.

Jirgi ya iso, muka ɗaga kekunan muka shiga. Ya bi bakin kogi, ya wuce ta ƙarƙashin gadar, dutsen ya cika taga. Na juya in nuna wa Yaya, na tarar barci ya ɗauke shi, hannunsa ɗaya a kan sirdin kekena kada ya faɗi.